Yadda ake koyar da harshe na biyu da waƙa ba tare da an ƙare a karatun aku ba

Da wuya ka sami malamin harshe da zai ce maka waƙa ba ta da amfani a aji. Na Turanci, na Faransanci, na Larabci, duk bakinsu ɗaya: abin da yaro ya rera ya fi zama masa a ka fiye da abin da ya kwafa daga allo. Amma buɗe littafin tsara darasinsu na zango guda ka gani. Sau da yawa babu waƙa ko ɗaya, in kuma akwai, to a darasin ƙarshe na ranar Juma'a take, lokacin da kowa ya gaji ana jiran ƙararrawa. Ba malamanmu kaɗai ke da wannan hali ba. A Finland, Jenni Alisaari da Leena Maria Heikkola sun tambayi malamai 94 masu koyar da harshen ƙasar, suka fitar da sakamakon a 2017. Malaman sun yaba wa waƙa ƙwarai, musamman wajen gyaran furuci, amma aikinsu a aji bai kai yabon nasu ba. A 2018 Friederike Tegge ta wallafa amsoshin malamai kusan 400 daga ƙasashe sama da 40, kuma kukan waɗanda ba sa amfani da waƙa kusan ɗaya ne: ba su sami wadda ta dace ba, shiri na cin lokaci, manhaja ba ta bar gurbi ba.

Yarda dai an yarda. Hanyar ce da yawa ba su samu ba, kuma hanyar tana farawa ne daga abin da malami ya ɗauki waƙa a kai.

Malamai kashi uku

Kashi na farko sun ɗauki kiɗa da waƙa maganin gajiya. A ganinsu ɗalibin da hankalinsa ke kwance ya fi ɗaukar karatu. Wanda ya kai wannan ra'ayi ƙarshe shi ne Georgi Lozanov, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Bulgeriya, da a shekarun 1970 ya tsara hanyar da malami zai riƙa karanta dogon nassi da harshen da ake koyo, ɗalibai na kishingiɗe a kujeru masu laushi, tsohon kiɗan Turai na tashi a hankali. Ya yi iƙirarin saurin koyo mai ban mamaki, waɗanda suka gwada bayansa kuwa ba su ga haka ba. Sakin jiki yana da amfani, amma shi kaɗai ba darasi ba ne.

Kashi na biyu sun ɗauki waƙa nassi, kamar labarin da ke littafin auna fahimta, wurin tsintar kalmomi da nahawu. Hujjarsu na da ƙarfi. Tim Murphey ya tattara waƙoƙin zamani na Turanci guda 50 ya ƙirga kalmominsu, ya tarar kalmomi ne masu sauƙi ake ta maimaitawa, "ni" da "kai" sun cika su, saurin fitar kalma kuma kusan rabin saurin hira ne. Ga mai koyo, wannan garaɓasa ce.

Kashi na uku sun ɗauki waƙa horon kunne da harshe, kuma nan ne hujja ta fi ƙarfi. Carolyn Graham, mai buga fiyano wadda ta koyar da Turanci a Jami'ar New York, ta lura cewa maganar Amurkawa ta yau da kullum tana hawa kan bugu huɗu na kiɗan jaz, sai ta fitar da littafinta Jazz Chants a 1978, wanda jimloli ne na hira da ake faɗa bisa bugu ba tare da rerawa ba. A 2006 Robert Slevc da Akira Miyake sun auna Japanawa 50 da ke zaune a Amurka, suka gano cewa masu kunnen kiɗa sun fi iya ji da furta sautukan Turanci, amma wannan baiwa ba ta ƙara musu komai a nahawu ko sanin kalmomi ba. A riƙe wannan sakamako da kyau, don shi ne ya shata iyakar abin da za a nema daga waƙa.

Akwai wasu gwaje-gwaje biyu da suka shafi shirin darasi kai tsaye. A Jami'ar Edinburgh, Karen Ludke da abokan aikinta sun raba manya 60 gida uku, aka koya musu gajerun jimloli 20 na harshen Hangari cikin minti 15. Gida ɗaya suna ji suna maimaitawa da magana, ɗaya da magana bisa bugu, ɗaya da rerawa. Masu rerawa ne suka fi tuna jimlolin lokacin da aka ce su faɗe su da bakinsu. Lura da cewa su da kansu suka rera, kuma tun farko an ba su ma'anar kowace jimla. Tun a 1994 kuma Wanda Wallace ta nuna cewa karin waƙa yana taimakon hadda ne idan mai sauƙi ne kuma shi ake maimaitawa a kowane baiti. Da aka riƙa sauya kari daga baiti zuwa baiti, sai karatun baki ya fi. Ke nan bugu na gyara furuci, kari mai maimaituwa na ɗaure jimla a ƙwaƙwalwa, ma'ana kuwa aikin malami ce.

Abin da harshe da waƙa suka yi tarayya a kai

Abubuwa huɗu ne: tsawon sauti da gajartarsa, hawan murya da saukarta, bugu, da wurin tsayawa. Kowane harshe da wanda ya fi dogara da shi. Hausa ta dogara da biyun farko. Jan wasali ne ya raba gari na mutane da garin tuwo, karin sauti ne ya raba kukan jariri da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki. Larabci ya dogara da tsawo, shi ya sa "jamal" raƙumi ne, "jamaal" kuwa kyau. Turanci ya dogara da bugu: a kowace kalma akwai gaɓar da ake dannawa, sauran a haɗiye su. Faransanci yana jera gaɓoɓi kusan daidai wa daida, sai ya ɗan ja ta ƙarshen yankin jimla. Har a kiɗan da babu waƙa bambancin yana fitowa. A 2003 Aniruddh Patel da Joseph Daniele sun kwatanta kiɗan mawallafan Ingila da na Faransa, suka tarar na Ingila ya fi cakuɗa dogon sauti da gajere, kamar dai yadda Turanci ke yi.

Bahaushen ɗalibi yana shiga ajin Turanci da kunne mai kaifi a kan tsawo da kari, amma bai saba da haɗiye gaɓa ba. Yana ba kowace gaɓa haƙƙinta cif, shi ya sa Turancinsa ke fita a jere kamar ana ƙirga kuɗi. Ga atisayen da ke nuna masa abin cikin minti uku. Rubuta jimloli huɗu a allo:

Goats eat leaves.
The goats eat the leaves.
The goats will eat the leaves.
The goats will have eaten the leaves.

Ka riƙa tafi sau uku ga kowace jimla, tafi ɗaya a kowace daƙiƙa, a kan "goats", "eat" da "leaves". Jimlar farko gaɓa uku ce, ta ƙarshe takwas, amma tafin bai ƙaru ba, lokacin ma bai ƙaru ba. Dole ɗalibi ya matse "will have" tsakanin tafi biyu. A karon farko aji zai watse a jimla ta huɗu, wasu su rage saurin tafin don kalmomin su shiga. Kada ka bari. Kai ne mai riƙe da bugun, da ɗan sanda a kan tebur, su ne za su bi ka.

Haka kuma bugu ke maganin cusa wasali. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa "bread" ya zama burodi, "driver" ya zama direba. Yaro zai ce "sitirit" yana nufin "street", ka gyara masa sau goma ya maimaita kuskurensa, don kunnensa bai ji bambanci ba. Ɗora kalmomin bisa tafi, kowace kalma tafi ɗaya, da ɗan sauri: bread, street, school, class. Mai cewa "sitirit" yana da gaɓa uku a gurbin ɗaya, zai makara, kuma shi da kansa zai ji ya makara. Daga nan sai ka nuna masa dabarar: ya ja "s" kamar hucin maciji, sannan ya faɗa kan "treet" ba tare da ya buɗe baki a tsakani ba.

Zaɓen waƙa

Karanta baitukan da baki tukuna, kamar kana magana. Duk layin da mutum ba zai iya faɗa a kasuwa, a aji ko a gida ba, amfaninsa kaɗan ne. Sannan ƙirga kalmomi: a cikin kowane goma, tara su zama ɗalibai sun san su. Sababbi kada su wuce shida ga 'yan firamare, takwas ga 'yan sakandare. Tsawo kada ya wuce layi takwas zuwa sha biyu, da amshin da zai dawo aƙalla sau uku. Kowace gaɓa ta hau kan sauti ɗaya. Waƙar da mawaƙi ke jan wasali ɗaya yana lanƙwasa murya sama da ƙasa tana da daɗin ji, amma tana ɓatar da siffar kalma. Muryar kuma ta fi kayan kiɗa ƙarfi.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko, mawaƙi bawan karinsa ne, yakan danna gaɓar da ba a dannawa a magana don layi ya zauna. Saurari kowace kalma mai gaɓa biyu ko uku, in an karkata ko ɗaya daga kalmomin da kake son koyarwa, bar waƙar. Na biyu, nahawun waƙa ba na jarrabawa ba ne. Waƙoƙin Amurka cike suke da "gonna" da "ain't", na Legas kuwa akasari Turancin buroka ne gauraye da Yarabanci. Ɗan aji shida na sakandare da ya kwashi wannan ya zuba a insha'in WAEC ko NECO zai sha jan biro. Ga manyan ɗalibai ana iya mayar da hakan darasi, a ce su juya layin zuwa daidaitaccen Turanci. Ga ƙanana a kauce masa gaba ɗaya.

Saboda waɗannan sharuɗɗa, sau da yawa ya fi sauƙi malami ya tsara tasa. Minti goma sha biyar sun isa. Ɗauki jimlar da manhaja ta ce a koyar a makon, ka gina ta da salon da yaranmu suka sani tun daga dandali, wato jagora da 'yan amshi. A ce darasin tambayar farashi ne, kana kuma son raba "p" da "f", waɗanda Bahaushe ke gwamutsawa don sautin "f" ɗinsa da leɓɓa biyu yake fita:

Jagora: How much is the pepper?
Amshi: Fifty, fifty.
Jagora: Fifty for the pepper?
Amshi: Pay me, please.

Kowane layi bugu biyu, tambaya da amsa bugu huɗu. Kari kuma ka ƙirƙiri mai sauƙi da bai wuce hawa uku ko huɗu ba. Aron karin waƙar fim ko ta soyayya kuskure ne, domin kafin ka kai layi na biyu 'yan bayan aji sun koma kalmomin asali, dariya ta ɓarke. Aron karin waƙar gaɗa yana yiwuwa, amma a yi hattara. An gina shi ne bisa gaɓa mai nauyi da marar nauyi ta Hausa, in ka ɗora masa Turanci yakan ja gaɓar da ya kamata a haɗiye. Ga Larabci kuwa yakan zauna daram.

Darasin minti 40

Minti biyar na farko na ma'ana ne, kuma ba a rera komai. Kawo barkono, albasa, tumatir, ko hotonsu, da takardun kuɗi na wasa. Nuna, faɗi suna, su maimaita, ka yi ɗan ciniki da ɗalibi ɗaya a gaban aji. Kada ka rubuta baitukan a allo tukuna. Rubutun Turanci yana yaudarar ido, yaron da ya fara ganin "please" kafin ya ji ta zai karanta ta da ƙa'idar Hausa, kuma wannan furucin ne zai manne masa.

Minti biyar na biye na saurare ne. Faɗi layukan da muryar magana sau ɗaya, sannan ka rera sau biyu. Kowane saurare da aikinsa: a na farko su faɗi me ake sayarwa, a na biyu su ɗaga yatsa duk lokacin da suka ji "p". Saurare babu aiki gyangyaɗi ne.

Sai minti goma na koyon rerawa. Fara da amshi, don shi ne gajere, kai kana jagora. Doguwar jimla a gina ta daga wutsiya: "pepper", "the pepper", "is the pepper", "how much is the pepper". Dalilin shi ne hawa da saukar muryar ƙarshen jimla ba ya lalacewa, ɗalibi kuma kullum yana tafiya ne zuwa ga abin da ya riga ya iya. A nan ne za ka raba 'yan guntayen takarda, kowa ya riƙe a gaban leɓensa. Da "p" leɓɓa na rufewa su buɗe da ƙarfi, takarda ta yi tsalle. Da "f" haƙoran sama na taɓa leɓen ƙasa, iska ta zirara a hankali. Fara da bugu ɗaya a daƙiƙa, ka ƙara sauri kaɗan kaɗan. Sai bayan sun iya za ka rubuta a allo. Raba aji biyu, dama jagora hagu amshi, a juya. Bayan kowane zagaye goge kalma biyu ko uku, har allo ya koma fari suna ci gaba. Wannan ya cinye wasu minti biyar.

Yanzu an zo wurin da gizo ke saƙa, minti goman da mafi yawan malamai ke tsallakewa saboda aji ya yi daɗi ba sa son katsewa. Dole a cire jimlar daga karinta. Abin da aka haddace da waƙa a ɗaure yake da waƙar, kamar goro a cikin huhu, sai an kwance ake ci. Ka tambayi yaron da ya koyi ranakun mako da waƙa wace rana ce ke bin "Wednesday", za ka ga leɓensa na motsi, ya koma farko yana rerawa a zuci har ya iso wurin. Masu rera haruffan Turanci da yawa sun ɗauka L, M, N, O, P harafi ɗaya ne mai dogon suna, saboda a gurguje ake wuce su. Taken ƙasa da ake rerawa kowace safiya a asambuli ma shaida ne: shekara shida ana yi, kalmomin sun narke sun zama sauti kawai.

Kwancewar mataki huɗu ce. Da farko a bar kari a riƙe tafi, su faɗa da magana. Sannan a bar tafin ma, su faɗa kamar suna gaban mai kayan miya. Sannan a sauya kalma: barkono ya koma albasa, hamsin ta koma ɗari biyu, "is" ta koma "are" idan tumatir ya zo da yawa, kuma a nan ne ɗan bayanin nahawu zai shiga, jimla biyu ba ƙari. A ƙarshe su zauna biyu biyu, ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa, kowa da farashin da ya ga dama, kai kana zagayawa. Minti biyar da suka rage a yi shifta ta layi uku, biyu daga waƙar, ɗaya sabo da ba su taɓa ji ba.

Bita ta fi darasin kansa muhimmanci, kuma ba ta da tsada: minti biyu washegari, minti biyu bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Kowace bita a rera sau ɗaya, a yi tambaya biyu da magana. Waƙa huɗu zuwa biyar a zango sun wadatar. Sabuwar waƙa kowane mako tana nufin babu wadda aka kwance.

Inda ake tuntuɓe

A ajin mutum tamanin ko ɗari, amshin taro yana rufa wa kowa asiri. Ƙarar na fitowa daga layuka uku na gaba, na baya suna motsa baki ne kawai. Maganinsa a riƙa kiran benci benci ba bisa jeri ba, wani lokaci kuma malami ya koma bayan aji ya yi jagora daga can. Yara kuma in an ce su ɗaga murya ihu suke yi, ihu kuwa yana mayar da duk gaɓoɓi tsawo ɗaya, ya rushe bugun da ake nema. Sa su yi zagaye ɗaya da raɗa, tafi kuma da yatsu biyu a tafin hannu. Malamin lissafi da ke ajin maƙwabta zai gode maka.

Malamin da ya ce ba shi da murya bai da uzuri, don magana bisa bugu ba ta buƙatar murya. In ana son kari, a kowane aji akwai yarinya ko yaron da ke jan waƙa a dandali ko a Islamiyya. Koya masa a lokacin tara, ya zama jagora. Malami namiji kuma ya lura, in ya fara da muryarsa ta ƙasa yara ba za su iya bi ba, sai ya ɗan ɗaga. Lasifikar waya ba ta isar aji, a ɗakin da rufinsa kwano ne babu silin kuwa ƙara sauti ƙara ruɗani ne. Ƙaramar lasifika mai caji a tsakiyar aji, bisa tebur, ta fi babba a gaba. A sauke waƙar tun a gida, kada a dogara da intanet.

Atisayen cike gurbi shi ne abin da kowa ya sani, kuma shi aka fi ɓatawa. Ana goge kalma barkatai, wani lokaci biyu a layi ɗaya, ɗalibi na rubuta ta farko ta biyu ta wuce. Gurbi ɗaya a kowane layi biyu ya isa, kuma duk guraben su zama jinsi ɗaya, a ce duk aikatau ne na abin da ya wuce, ko duk kalmomin amsa-amo ne.

Akwai iyaye da makarantun da ba sa son kiɗa saboda dalilin addini, kuma jayayya da su ɓata lokaci ne. Hausa ta riga ta raba waƙa da kiɗa. Duk abin da aka faɗa a sama yana yiwuwa da murya da tafi kawai, in tafin ma da magana, to ɗan sanda a kan tebur ya wadatar. Nuna wa shugaban makaranta baitukan a rubuce kafin ranar darasi, tare da sashen manhajar da suke koyarwa. Manya masu koyon harshe, kamar na ajin yaƙi da jahilci ko ma'aikata, sukan ji nauyin rerawa. Da su a fara da magana bisa bugu, a kira shi atisayen furuci.

Larabci, Faransanci da Hausa

Malamin Larabci ya gaji wannan hanya tun kafin a yi mata bincike. Alfiyyar Ibn Malik, wanda ya rasu a 1274, nahawu ne da aka tsara cikin baiti kusan dubu a karin rajaz don a haddace. Tsarin zaure ma daidai yake: malam ya karanta, ya fassara gaɓa gaɓa, ya yi sharhi, sannan ɗalibi ya tafi da hadda. Inda aka juya tsarin ne ake samun mai baiti dubu a ka wanda ba zai iya li'irabin jimla ɗaya ba, wato fayyace matsayin kowace kalma a cikinta. Ga 'yan Islamiyya, rerawa na da kyau wajen tsayar da wasali gajere da dogo, amma a gargaɗe su cewa ƙarshen baiti ba wurin koyon li'irabi ba ne, don mawaƙi yakan ja wasalin ƙarshe ko ya ɗaure shi saboda amsa-amo. Karatun Alƙur'ani daban ne, yana da ƙa'idojinsa na tajwidi, ba ya cikin wannan lissafi.

Malamin Faransanci a Maraɗi ko Damagaram zai ci ribar waƙa wajen sadar da kalmomi, yadda "les amis" ke fita da sautin "z" a tsakiya, da kuma wasulan hanci, waɗanda jan sauti ke ba kunne lokacin ji. Tarkonsa shi ne wasalin "e" na ƙarshen kalma. A magana "une pomme" gaɓa biyu ce, a waƙa sau da yawa a rera ta huɗu. In ba a kwance ba, yaro zai riƙa magana kamar mai rerawa.

Mai koyar da Hausa ga wanda ba Bahaushe ba, ɗan bautar ƙasa ne ko ɗalibin kwalejin ilimi ko Bature, yana da matsalar da rubutu ba ya warwarewa, tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna jan wasali ko karin sauti. Waƙar Hausa tana kiyaye nauyin gaɓa sosai, kamar yadda aikin Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya nuna, saboda haka tana koyar da jan wasali. Amma raujin waƙa ba kullum yake bin karin kalma ba, don haka ba a dogara da shi wajen koyar da karin sauti. Nan sai a yi abin da kalangu ke yi: a cire baƙaƙe da wasula a bar kari tsirara. Malami ya rufe baki ya yi sautin "mm-mm", sama-sama ko sama-ƙasa, ɗalibi ya nuna hoton jariri mai kuka ko na bishiyar kuka. Sannan a juya, ɗalibi ya yi, malami ya nuna. Kalma biyu biyu, tagwaye uku a rana, hannu na hawa da sauka tare da murya.

Ko wane harshe ne, gwajin ɗaya ne. Bayan mako guda, ba tare da sanarwa ba, zaɓi ɗalibai goma daga sassa daban daban na aji. Yi wa kowa tambaya da muryar magana, daga tsakiyar waƙar ba daga farkonta ba, da kalmar da ba ta cikin baitukan: ɗaga biro ko sabulu ka jira ya tambaye ka farashi. Ƙirga waɗanda suka amsa cikin daƙiƙa uku ba tare da leɓensu ya koma farkon waƙa ba. In sun kai bakwai, wuce zuwa waƙa ta gaba. In ba su kai ba, kada ka ƙara rerawa, koma ga minti goman kwancewa ka maimaita su da sababbin kaya a kan tebur.